Shaidar Injin

A garejin Sada, bayan Ƙofar Guga,
an ɗage bonet, an kashe rediyo,
ni da shi mun duƙa kan kwamfuta
kamar masu tsince tsakuwa daga shinkafa.

Motar ja ce, 'yar Japan, mai ƙofa biyu,
ta girmi ɗana na fari.
Injinta ba shi da fistin.
Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku, zaman duwatsun murhu,
yana mirgina a ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa,
kowace kusurwa da ɗan haƙorinta
mai gogar bango.
Haƙori ɗaya ya karye,
sai a yi wa aljihu ta'aziyya.

Ga na Talata, in ji Sada, ga na Alhamis.
Na Talata bayan asuba muka ɗauka,
iska da sanyinta, mai na gidan mai.
Na Alhamis da azahar ɗin bazara,
kwalta tana lasar taya,
mai kuwa na galan ne, na ɗan bumburutu
da ya rantse har sau uku
bai taɓa ganin kananzir ba.

Ya ɗora layi kan layi, kore da shuɗi.
Har juyi dubu biyar tare suke tafe
kamar shanun huɗa.
A dubu shida shuɗin ya soma ƙishi:
iska ta yi yawa, mai ya gaza,
zafin salansa ya haye bene.
Nan take shirin cin haƙorinta, in ji shi.
Ya ƙara mata mai kashi uku cikin ɗari,
ya ja wuta baya taki biyu,
yana yi yana ɗanɗanawa
kamar mai sa wa miya gishiri.

Ni da kunne na koyi mota.
Maigidana, marigayi Ɗan'iya,
sukundireba yake dasa wa inji,
ya kara kunne a mariƙi, ya lumshe ido,
ya faɗa maka ciwon.
Amma wannan kukanta rina ce a cikin tulu,
da lafiya da ciwo duk murya ɗaya.

Sai Sada ya yi shiru.
Farcensa mai baƙin mai ya tsaya kan layin totur.
Talata, daƙiƙa arba'in da ɗaya: ƙafa ta ɗaga.
Alhamis, arba'in da biyu: ƙafa ta ɗaga.
Ba rami, ba kwana, ba jaki a hanya.
Na bi waya, na duba famfo, ƙalau suke.
Mi ke akwai wurin nan?

Na ce ban ɗaga ba.
Ya ce na'ura ba ta san kara ba.

A hanyar Daura, kafin a kai Mashi,
akwai tsamiya ta hannun dama.
Ɓawonta ya warke ya rufe,
sai ɗan tabo daidai tsayin bamba.
Shekara tara ke nan.
Mannir ke tuƙi, ina gefe,
muna gardamar kuɗin fulogi,
gardamar da har yau ba mu ƙarasa ba.

Na ɗauka na manta.
Nakan wuce wurin ina fito.
Ashe ƙafar dama ba ta manta ba,
kullum sai ta rage gudu ta yi sallama,
ba ta shawarce ni ba.

Sada ya san tsamiyar.
Mannir wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya daɗe yana kallon ɗan kwarin nan
inda kore da shuɗi suka durƙusa tare.
Ya ce: mai na gyara, wuta na gyara,
wannan ba ni taɓa shi.
Ya rufe kwamfuta,
ya aiki yaro ya sayo baƙin mai da shayi biyu.

A bayanmu injin na hucewa,
ƙyas, ƙyas,
yana ƙirga abin da ya sani.